Ranar da Rijiyar Barmo Ta Ga Rana

"Wallahi ba ku hita da shi gidan ga," in ji Shatu. Ta tsaya a bakin zaure, hannu ɗaya a kan ƙyaure, ɗayan riƙe da ludayin kunun da ta dama wa mahaifinta. "Mutumin da kwana huɗu ko hura ba ta zamna mishi a ciki ba, shi za ku aza bisa amalanke?"

Tanimun mai amalanke ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar wuyan jakinsa, kamar ba da shi ake ba. Ni kuwa ina tsaye a titi da yara talatin da biyu a bayana, na kuma san gaskiya gare ta.

Sai muryar Baba Barmo ta fito daga ɗaki, siririya amma a tsaye.

"Shatu, ke kinka haihe ni, ko ni na haihe ki?"

"Kai ka haihe ni, Baba."

"To ɗauko mini hulata."

Sunana Hadiza. A shekarar 1994 ni ke koyar da 'yan aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ta Gidan Mato, wani ƙauye tsakanin Malbaza da Illela. Shekara uku ke nan ina zaune a gidan da darnin zana kaɗai ya raba shi da na Baba Barmo. Mahaƙin rijiya ne tun yana saurayi. Daga Tsarnawa har Bazaga da wuya ka sha ruwa a ƙauye uku jere ba ka sha na rijiyar da ya haƙa ba. Da na san shi ya riga ya ajiye dagi, bayansa ya ranƙwafa, tafin hannunsa kamar bawon gawo. 'Yarsa Shatu, wadda mijinta ya rasu, ita ke kula da shi.

Yadda aka yi har na kawo yara ƙofarsa kuwa, cikin bazara na shiga darasin ƙasa da su. Littafin na Faransanci ne. A ciki akwai hoton wata baƙar ƙasa mai kauri, da wani icce a kanta da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Yaran suka haddace kalmomin tsaf, suna rera su kamar waƙa. Da na tambaye su wace irin ƙasa ce a gonar gidansu, sai suka zuba mini ido. Da yamma na yi wa Shatu ƙorafi ta saman darni, ashe tsoho yana kishingiɗe a gindin rumbu yana ji.

"Madam," ya ce, "littahin nan naku, gaba nawa ya shiga cikin ƙasa?"

Na yi dariya na ce littafi ai ba ya shiga ƙasa.

"Ni gaba ashirin da biyu na shiga," ya ce, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan haka da wata guda ciwo ya kwantar da shi. An kai shi asibiti a Ƙonni, aka dawo da shi, Shatu ta daina maganar warkewa. Ranar wata Talata, bayan azahar, aka yi ruwan farko mai ƙarfi, irin wanda ba ka ganin gidan maƙwabcinka. Gabas da gari akwai wani kwazazzabo da ke cin gonaki kowace damina. Tsofaffi sun ce da can burtali ne kawai, hanyar shanu. Washegari Tanimun ya shigo gaishe da mara lafiya, ya ba da labarin cewa gefen kwazazzabon ya zube, ya tsaga wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da mantawa da ita, ya raba ta biyu daga sama har ƙasa kamar an fafe duma.

Baba Barmo ya sa aka tada shi zaune. Ya tambayi wurin, kusa da wace tsamiya, gonar wa. Da ya ji amsa sai ya aika a kira ni.

"Gobe da sahe ki kawo mini ɗiyan lakwal ɗinki," ya ce. "Akwai littahin da anka buɗe."

Shi ya sa muke tsaye a ƙofarsa ranar Alhamis da hantsi. Shatu ta shiga ta fito da hular, fuskarta a murtuke. Ta shimfiɗa tabarma biyu a amalanke, ta sa matashi, ta ɗauko lema da buta cike da ruwa da kwanoni biyu na sha. Tanimun ya ɗauko tsohon a hannu kamar ɗan akuya, don ba shi da sauran nauyi.

"Madam," Shatu ta ce mini ƙasa-ƙasa, "in wani abu ya same shi bisa hanya, ke da Allah."

"Na ji, Yaya Shatu," na ce.

Ƙasa tana ƙamshin ruwa. Mutane sun fita shuka, maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bin su suna jefa iri suna rufewa da diddige. Duk wanda muka wuce sai ya miƙe ya gaida Baba Barmo, ya bi mu da kallo. Muka gangara ta inda shanu ke sauka, amalanke ya bi yashin cikin kwazazzabon a hankali. Gefen biyu suka fara tashi, suka wuce kanmu, suka yi tsawon mutum biyu, suka yi na huɗu. Surutun yara ya ragu da kansa. Na ce kowa ya bi tsakiya, kada wanda ya matsa jikin bangon.

Da muka sha wata kwana sai ga ta.

Rabin rijiyar ya tafi da ruwa. Rabin da ya rage yana tsaye a jikin bangon, kwarmi mai santsi, miƙaƙƙe sambal tun daga sama har inda yashi ya binne shi. Rana tana dukansa. A jikinsa ƙasa ta jeru hawa-hawa kamar an ninke zannuwa a adaka: baƙa-baƙa siririya a can sama, sai ja, sai tsakuwa, sai wata rawaya, sai fara tas a ƙasa. Kuma daga sama zuwa ƙasa akwai 'yan ramuka a jere, ɗaya hagu ɗaya dama.

Baba Barmo ya ce a tsaya. Ya ture lemar da Shatu ta riƙe masa. Ya daɗe yana kallo, leɓensa yana motsi.

"Ƙahwata ce," ya ce. "Ramukkan can, nan nike taka in sauka. Ni na sare su. Shekarata goma sha bakwai, ubangidana Sanusi yana bisa yana jan guga. Ita ce rijiyata ta hwarko."

Hawaye suka bi kwarin kumatunsa, bai share ba.

"Shekara hamsin ina shiga cikin ƙasa," ya ce, "ban taɓa ganin launinta ba sai yau. Can ƙasa komi duhu ne. Da hannu na san ta, da halshe. Ashe haka take. Allahu Akbar. Ashe haka take da kyau."

Ni da na zo da alli da allo a jaka, sai na ji kunyar fito da su.

Can ya nisa, ya dubi yaran. Muryarsa ta canza, ta koma ta mai ba da aiki.

"Ke, mai jan kallabi, mi sunanki?"

"Zainabu." Yarinya ce da tun farkon shekara ban ji ta ɗaga murya a aji ba.

"Ɗauki duwatsu biyu, ki zamna nan ki yi ta gurza su bisa zanenki. Kar ki bari sai na ce."

Ta zauna ta fara. Shi kuma ya nuna can sama da sandarsa.

"Baƙar can ta bisa, wa ya san ta?"

"Ita muke nomawa," in ji Labo, sarkin surutun ajina.

"Kaurinta nawa?"

Labo ya kanne ido ɗaya ya auna da hannu. "Yatsa huɗu."

"Randa na haƙa rijiyag ga, kamu guda ce cur. Daga gwiwar hannuna har yatsa. Ban mance ba, don Sanusi ya sa na kwashe ta daban, ya ce ba a gama ta da ta ƙasa, ita ce mai rai. Munka kai ta gona da jaki. Duk hatsin da ubanninku sunka ci, da wanda kunka ci, cikinta ya hito. Ta ƙasan duk, da ja da hwara, ko ka shuka ba ta ba ka ko zangarniya."

"To mi ya sa ita take baƙa?" wata ta tambaya daga baya.

"Je ki duba gindin sabarar can da ruwa ya tono. Kar ki matsa bango. Hwaɗa mini abin da kinka gani."

Yara biyar suka ruga tare. Suka dawo da tafin hannu cike, suna rige-rigen faɗa: ruɓaɓɓen ganye, kashin awaki, saiwoyi kamar gashi, gara, har da tana guda tana murɗawa.

"To kun gani," ya ce. "Abin da ya mutu shi ka ba ta rai. Gara ta ja shi ciki, tana ta juya shi, ruwa ya jiƙa. Zainabu, kawo mu gani."

Ta taso a hankali, tana riƙe da bakin zanenta kamar mai ɗauke da ƙwai. Hannuwanta sun yi ja. Abin da ta tara bai kai a cika farce da shi ba. Yara suka yi dariya. Baba Barmo bai yi ba.

"Tun ɗazu take aiki, ga abin da ta samu. Haka rana da ruwa da iska ka gurza dutse, ba dare ba rana, tun ba a haihi kakan kakanku ba. Ku lissahwa mini, ku da ke lakwal: kamu guda, ko'ina cikin gonakin garin ga, shekara nawa ke nan?"

Yaran suka juyo suna kallona, na ce ni ma ban san iyakarsa ba. A littafi an ce yatsa guda kan ci shekaru ɗaruruwa. Na sha faɗin haka a aji, amma ranar ce na ji nauyin maganar a bakina.

Tari ya sarƙe shi. Shatu ta tallabe shi, ta ba shi ruwa ya kurɓa, ta ce a koma gida haka nan. Ya girgiza kai.

"Saura kaɗan. Ɗauki butag ga."

"Baba, ruwan alwallarka ne."

"Na yi taimama. Ai ga ƙasa."

Ya nuna wani ɗan gangare a gefe inda ba tsayi, rabinsa fili fetal, rabinsa da kututturen gamba da ta fara tohowa. Ya sa yara biyu suka tara kwanoni a ƙasa. Shatu ta hau tana gunaguni, ta tsiyaya rabin ruwan a kan filin. Nan take ya gangaro da gudu, ya faɗa kwano jajir kamar kunun jar dawa. Ta matsa ta tsiyaya sauran a kan gambar. Muka jira. Ruwan ya shige cikin ciyawar ya ɓace, sai can wani ɗan kaɗan ya ɗiɗɗigo, kusan garau.

Shatu da kanta ta sauko ta leƙa kwanonin biyu. "Ikon Allah," ta ce.

"Buta guda ke nan," in ji tsohon. "To ruwan shekaranjiya hwa? Da can gamba da sabara sun ruhe tudun ga, kura na ɓoya ciki. Munka sare, munka ƙone, hwari ya ida saura. Ni ma da gatarina a ciki."

"Ina ƙasar take zuwa, Baba?" in ji Labo.

"Ta bi ƙorama, ta bi hwadama, ta ƙetara Najeriya. Ba ta da takarda, amma ko 'yan duwan na bakin iyaka ba su tsaida ta."

Tanimun ya fashe da dariya har jakin ya zabura.

Ana cikin haka Zainabu ta zo ta tsaya a gefen amalanke. Ta miƙa masa wani farin dutse da ta tsinta cikin ɓaraguzan da suka zubo tsakiyar yashi. Ya karɓa ya shafa da babban yatsa, ko dubawa bai yi ba.

"Kin same su," ya ce.

Katantanwa ce, da murɗinta da layukanta, ba abin da ya ɓace, sai dai ta zama dutse. Yara suka bazu cikin ɓaraguzan. Kafin a jima kowa ya samo: wasu kamar bawon da ake kankare tukunya da shi, wasu kewayayyu da zanen tauraro a baya.

"Randa dagina ya hwara hito da su," Baba Barmo ya ce, "ina ni ɗaya cikin rami, gaba huɗu. Na shahwa na ji abin ruwa ne. Tsoro ya kama ni, na hau ramukkan can da gudu. Sanusi ya ce kuɗin aljannu ne, in maida in yi shiru. Na tambayi Liman na wancan zamani, ya ce ruwan Ɗuhwana ne. Tun daga nan, rijiyar da na haƙa duk wajen ga, in na kai ga hwarar ƙasa sai in iske su suna jirana. Madam, ku mi littahinku ya ce?"

Na gaya musu abin da aka koya mana a makarantar horon malamai, wanda na rubuta a jarrabawa na manta: cewa a wani zamani mai nisa, tun babu ɗan Adam, teku ne ya rufe wannan ƙasa tamu, kuma waɗannan halittu a cikinsa suka rayu. A ajina babu yaron da ya taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari.

Suka ɗaga kai suna kallon sama, inda bakin kwazazzabon ya yanke sararin samaniya, kamar suna auna inda ruwan ya kai. Wani shaho yana shawagi a wurin.

"Har bisa kanmu?" in ji Zainabu.

"Har bisa tsamiyar can," na ce, "da abin da ya fi."

"Liman ya ce Ɗuhwana, Madam ta ce teku," in ji Baba Barmo. "Ni dai abin da na sani, ruwa ne, kuma Mai shi ya janye abinai."

A hanyar komawa ya sa Tanimun ya bi ta kan kwazazzabon, inda yake farawa a gindin gonar Ishaku. Daga nan zuwa rijiyar da gari ke sha yanzu, Labo ya ƙirga taki tamanin. Bara, in ji Tanimun, ya fi ɗari. Tsohon ya nuna da sanda inda za a jera duwatsu a gicciye, sama da bakin ramin, layi bayan layi, a dasa gamba a bayansu.

"Ba tare ruwa za ku yi ba, ba ku iyawa," ya ce. "Ku dai sa shi ya yi tahiya a hankali, ya aje kayan da ya ɗauko. Ni ba ni ganin kaka. Ku ka sha rijiyag ga."

Da muka isa gida idonsa a rufe yake. Tanimun ya shigar da shi. Shatu ta bi su ciki, ni kuwa ban iya kallon idonta ba.

Ranar Juma'a da safe na roƙi darakta, shugaban lakwal, ya ba ni yaran. Muka kwashi duwatsu a kwanduna da tsofaffin kwanoni, wasu iyaye da suka gama shuka suka taya mu, muka jera layi uku. Ranar Asabar da la'asar aka yi ruwa, ba mai yawa ba. Lahadi da sassafe, ina shara, sai ga Zainabu a ƙofata, ƙafafunta duk taɓo, ta rufe wani murfin kwano da tafin hannu.

Na kai ta wurinsa. Yana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, an juya shi yana fuskantar gabas, Shatu tana masa fifita. Kwana biyu bai yi magana ba sai salati.

Zainabu ta durƙusa. "Baba, ta tsaya. Bayan duwatsun. Yatsa biyu."

Ya buɗe ido. Ta kai murfin kusa da hannunsa. Laka ce mai laushi, baƙa-baƙa, da guntayen kara a ciki. Ya dangwala, ya murza tsakanin yatsu, sannan a hankali ya kai bakinsa ya ɗanɗana.

"Ta gonar Ishaku ce," ya ce. "Ku maida mishi abinai."

Shatu ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta toshe baki da gefen mayafi.

Bai ƙara wata magana ta duniya ba. Da hantsi ya ɗaga, kaji suna tono a gindin rumbu, wata maƙwabciya tana daka, numfashinsa ya yi ta nisa da juna. Shatu tana maimaita masa kalmar shahada a kunne, leɓensa yana bin ta, har ya daina. Ta shafe masa ido. Maƙwabciyar ta ji salatinmu, ta tsaida taɓarya.

Kafin azahar an kai shi. Mutane suka zo daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, a kan jakuna da kekuna, kowa yana faɗin shekarar da aka haƙa rijiyar garinsu. Mu mata muna cikin gida. Tanimun ne ya gaya mana daga baya cewa da ana haƙa kabarin, yaran ajina maza sun tsaya a gefe, kuma ba wanda ya ce musu komai suka sa hannu suka ware baƙar ƙasar sama gefe guda, don a rufe da ita a ƙarshe.

Bayan addu'ar uku na shiga na tarar da Shatu a bakin randa tana wanke kayansa don a bayar sadaka. Na zauna na kama mata matsa. Ta ɗauko rigar da ya sa ranar Alhamis, ta shaƙi ƙamshinta, ta tsoma a ruwan kwatarniya.

"Na yi hushi da ke, Madam," ta ce. "Kwana biyu ina hushi."

"Na sani, Yaya Shatu."

"Tun rasuwar innata ban ga ya yi murna kamar ranan nan ba."

Ta cuɗa rigar, ta matse, ta miƙo mini na shanya a kan igiya. Ruwan da ke cikin kwatarniyar ya lafa a hankali, ya yi garau a sama. Ta karkata ta tsiyaye shi a hankali. A gindin ya bar wani ɗan siririn kwanci, ja da fari, bai fi kaurin takarda ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi da kwatarniyar, ta wuce magudanar da ke fita titi, ta je bayan ɗaki inda kuɓewarta ta fara huda ƙasa da ganye bibbiyu. Ta durƙusa, ta sa yatsa ta share kwancin a gindinsu.